Wurin kwana kafin ado: jawabi ga jama'ar Zongo na Parakou da Djougou



Sarakunan Zongo, ranku ya daɗe. Malamai da limamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, 'yan kasuwa, direbobi, mahauta, masu zemijan, samari da 'yan mata, muna gaishe ku da aiki, muna gaishe ku da haƙuri. Duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, in ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi, musamman iyayenmu mata da ke cikin gida, domin maganar ta fi shafarsu. Su ne ke tara kwano a tsakar ɗaki idan rufi yana yoyo, su ne kuma ke amsa sallamar mai gida idan wata ya mutu, alhali maigidan ya fita nema tun asuba.

Maganar wurin kwana na zo da ita, da maganar inda kuɗin ƙasarmu ke tafiya.

Ku fara da sunan unguwarku. Zongo, zango ke nan, wurin da matafiyi ke sauke kaya. Kakanninku fatake ne. Suna tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu ta Nikki, su yada zango a Parakou, su yada a Djougou, su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni. Abin da ya riƙe wannan hanya shekaru aru-aru shi ne mai masauki. Baƙo ya iso da magariba, bai san kowa ba, a ba shi ɗaki, a ɗaure masa dabbobinsa, a adana masa kayansa, a samo masa mai saye. Ba a tambayarsa takardar albashi. Garuruwan nan biyu sun girma ne saboda an yarda cewa mutum ba ya kwana a waje. To yau jikokin masu masauki ne ke cunkushe, mutum bakwai, mutum takwas a ɗaki ɗaya da rumfa, suna lissafin ranar da za a ce su kwashe kayansu.

A ƙidayar 2013 an samu mutum 255,478 a Parakou, an samu 267,812 a ƙaramar hukumar Djougou.  Ba sai an kawo muku sabuwar ƙidaya ba, ku dubi tsakar gidanku. Inda ake shanya da, an gina ɗaki. Inda aka ɗaure akuya, an gina ɗaki. Yaron da aka haifa a shekarar ƙidayar nan ya kusa zama saurayi, kuma har yanzu a ƙasan gadon uwarsa yake shimfiɗa.

Akwai masu cewa, to ina ruwan gwamnati? Kowa ya nemi na kansa, gida arziki ne, Allah ke bayarwa. Gaskiya ne Allah ke bayarwa, ba mu ja da wannan. Amma ƙasar nan ta sa hannu a kan takarda, kuma ina so ku san takardar. A ranar 12 ga Maris 1992 Benin ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu. Sashi na 11 na wannan yarjejeniya ya ce kowane mutum yana da haƙƙin rayuwa mai mutunci shi da iyalinsa, ya kuma ambaci abu uku da suna: abinci, sutura, da wurin zama. Babu wanda ya tilasta mana shiga. Mu muka kai kanmu, bayan babban taron ƙasa na Fabrairu 1990 da muke alfahari da shi.

Ku zo gida kuma. Kundin tsarin mulkinmu na 11 ga Disamba 1990, a sashi na 7, ya ɗauko dukan haƙƙoƙin da ke cikin yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ya mai da su dokar Benin. A 2001 hukumar Afirka da ke kula da wannan yarjejeniya ta yanke hukunci a kan ƙarar mutanen Ogoni na Najeriya, waɗanda aka ƙona wa gidaje, ta ce haƙƙin muhalli yana cikin yarjejeniyar ko da ba a rubuta kalmar ɓaro-ɓaro ba, tunda ba a kare dukiya da lafiya da iyali ba tare da rufi ba. Sashi na 20 na kundinmu ya ce gidan mutum ba a keta shi. Sashi na 22, wanda nake roƙon kowane maigida ya haddace lambarsa, ya ce ba a raba mutum da dukiyarsa sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya ta adalci tun kafin a taɓa. Kafin, ba bayan katafila ta wuce ba.

Abin da kundin bai yi ba shi ne ya fito fili ya ce muhalli haƙƙi ne. Sashi na 8 ya jera lafiya, ilimi, al'adu, samun labari, koyon sana'a da aikin yi. Gida bai shiga jerin ba. A Nuwamba 2019 majalisar da babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta ta buɗe kundin nan ta yi masa gyara. Sun samu wurin ƙirƙiro kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Ba su samu wurin layi ɗaya na wurin kwanan talaka ba.

Yanzu bari in kawar da wata ƙarya tun kafin a kawo muku ita. Za a ce 'yan adawa sun yi alkawarin raba gidaje kyauta. Ba mu yi ba, ba za mu yi ba, kuma duk ɗan siyasar da ya tsaya gabanku ya ce zai ba kowa makulli, ku riƙe aljihunku. Afirka ta Kudu ta rubuta haƙƙin muhalli a sashi na 26 na kundinta na 1996. A shekarar 2000 wata mata mai suna Irene Grootboom, ita da ɗaruruwan mutanen da aka kora daga bukkokinsu kusa da Cape Town, suka kai gwamnati har kotun tsarin mulki, suka kuma yi nasara. Kotun ba ta ce a ba kowa gida gobe ba. Cewa ta yi shirin gidaje na gwamnati ya saɓa wa kundi, saboda bai tanadi komai ba domin mutanen da suka fi kowa matsuwa. Matar nan ta rasu a 2008 tana cikin bukka, don haka kada wani ya ce muku rubutu kaɗai yana yin rufi. Amma hukuncinta ya bar ma'auni wanda nake so mu ara: idan gwamnati ta ce tana da shirin gidaje, a tambaye ta, ina rabon wanda ya fi kowa buƙata?

Mu ɗauki wannan ma'auni mu auna namu.

A Disamba 2016 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta ƙaddamar da shirinta na shekara biyar, PAG, na sefa miliyar 9,039. Na biyu, na 2021 zuwa 2026, ya kai miliyar 12,011. Ba duka ne daga baitulmali ba, akwai bashi, akwai kuɗin 'yan kasuwa, amma bashin ma ku da 'ya'yanku za ku biya, a harajin kasuwa, a kwastan, a kowane kati da kuka sa a waya. A cikin shirin farko aka yi alkawarin gidaje 20,000 masu sauƙin kuɗi. Mun ji, mun yi murna. Sai ga shi fiye da rabinsu, sama da 10,000, an tara su wuri ɗaya, a Ouèdo ta Abomey-Calavi, a gefen Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 400 daga nan. An ambaci Parakou da Djougou a jerin garuruwan da za su samu. Ina tambayarku, ku da kuka san kowane lungu, kuka san wanda ya yi aure da wanda ya sayi babur: wa kuka sani a Zongo da ya karɓi makulli?

Kuma ko a Ouèdo ɗin, gidajen na sayarwa ne. Kamfanin SImAU ke kula da su, ana biya wata-wata har shekaru masu yawa. Mai albashi mafi ƙaranci a ƙasar nan, tun 1 ga Janairu 2023, sefa 52,000 yake ɗauka, jika 52. In ya ware kashi ɗaya cikin uku domin ɗaki, abin da masu lissafi ke cewa kada a wuce, ya samu wajen 17,000. Duk mai ɗan'uwa a Kwatano ya aike shi ya tambayo kuɗin wata na mafi arha a gidajen nan, ya ajiye kusa da 17,000, ya gani da idonsa. Wannan fa mai albashi ke nan. Fiye da mutum tara cikin goma na masu aiki a Benin ba su da takardar albashi kwata-kwata. Mai sayar da albasa a kasuwar Arzèkè ba ta da ita. Mahauci ba shi da ita. Mai ɗinki, mai faci, yaron mota, malamin allo, babu mai ita. Shirin da aka kira na talakawa an yanka shi ne daidai jikin babban ma'aikaci da ɗan ƙasa mazaunin Faransa. Ba mu ƙi su samu ba, su ma 'yan ƙasa ne. Amma a kira abu da sunansa.

Ba zan tsaya nan in ce ba a yi komai ba, don kuna da idanu. An shimfiɗa kwalta da dutse a titunan Parakou. An gina kasuwanni. An gina filayen wasa 22 a faɗin ƙasa. Wanda ya je Kwatano bayan shekara goma zai ɓata hanya. Duk mun gani. Abin da nake so ku lura da shi shi ne jerin: wanne aka fara, wanne aka bari. A ranar 30 ga Yuli 2022 aka buɗe mutum-mutumin Amazone a Kwatano, tsawonsa mita 30. A wannan rana aka buɗe na Bio Guéra, jarumin Borgu da ya yaƙi Faransawa har aka kashe shi a 1916. Bio Guéra namu ne, muna girmama shi, kuma ba mu ƙi a tuna da matan da suka yi yaƙi ba. An gina babban otal na Sofitel a bakin teku. An gina unguwa guda ta ofisoshin ministoci. Ana gyara bakin teku daga Kwatano har Ouidah domin masu yawon buɗe ido. Waɗannan duka an samo musu kuɗi, an samo musu 'yan kwangila, an sa musu rana, an cika. Duk abin da baƙo zai gani daga filin jirgi zuwa otal an gama shi. Abin da ke bayan titi, inda kuke kwana, shi ne kullum ake cewa yana tafe.

Ko a nan garin haka abin yake. Ku bi sabon titi, ku karya kwana ɗaya, ku shiga lungu. Ruwan da titi ya koro ina yake zuwa? Titi ya hau sama, gidajen ƙasa sun koma rami. Watan Agusta da Satumba kowa ya san gidan da ake kwana a tsaye. Katangar laka ta sha ruwa ta kwanta, wani lokaci a kan yara. Masai ɗaya ga gida mai mutum 30, in ya cika a rasa kuɗin kwashewa. Wannan ma maganar muhalli ce. Ɗakin da ruwa ke shiga, babu famfo, babu magudana, ba wurin zama ba ne ko da akwai kwano a kansa. Zazzaɓin da kuke kai yara asibiti a kansa kowace damina, daga kwatar bayan ɗaki yake tashi.

Sai maganar rusau, wadda ta fi ci mini rai.

Kun tuna Janairu 2017. Aka ce za a share bakin hanya, aka shafa jan fenti a bango, katafila ta bi Kwatano ta bi sauran manyan garuruwa har nan Parakou. Rumfuna, shaguna, teburan mata, duka aka kwashe. Wasunku a nan rumfarsu ce ke biyan hayar ɗaki, da rumfar ta tafi ɗakin ya bi ta. Bayan nan abin ya koma kan gidaje. A Disamba 2023 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan korar mutane daga bakin teku tun 2021, a Fiyégnon 1 da Xwlacodji a Kwatano, da Djègbadji da Avlékété a wajen Ouidah. Ta ƙidaya aƙalla mutum 6,000. Ta ce an rushe Fiyégnon 1 a Satumba 2021, cikin damina, ana gab da komawa makaranta, kuma mutanen ba su samu diyya ba. Hukuma ta ce wurin ba nasu ba ne. To, a ce ma haka ne. Mutum ya haifi 'ya'ya a wuri, ya aurar a wurin, ya yi zaɓe a wurin, rana ɗaya a ce masa baƙo ne?

Kada ku ce wannan ta masunta ce, can kudu, ba ruwanmu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya kayar da su shi ne rashin takarda, kuma wa ya fi Zongo rashin takarda? Gidajenmu da yawa sarkin gari ne ya nuna wa kakanmu da sanda, ya ce daga bishiyar nan zuwa waccan. Shaidu sun mutu, bishiyar ma an sare. Dokar filaye ta 14 ga Agusta 2013, wadda aka gyara a 2017, ta sa takardar mallaka ta hukumar ANDF ita ce hujjar da ba a ja da ita. Dokar ba ta da laifi a kan wannan, rikicin fili ya kashe zumunci da yawa, har a 2022 sai da aka kafa kotu ta musamman dominsa. Amma ku bi hanyar samun takardar ku gani. Sai ka biya mai awo. Sai ka haɗa takardun gado na gidan da magada suka kai 40, wasu a Gaya, wasu a Kumasi, wasu a Legas. Sai ka yi ta zirga-zirga a ofis da Faransancin da ba ka ji. Mai kuɗi ya gama cikin sauƙi. Tsohuwar da aka haifa a cikin gidan ta mutu ba ta da ko fallen takarda. Gwamnatin da ta iya yi wa 'yan ƙasa rajistar RAVIP daga ƙarshen 2017, ta bi gari-gari da na'ura ta ɗauki hoton yatsun miliyoyin mutane, ta iya bin tsofaffin unguwanni gida-gida ta auna, ta kira maƙwabta su shaida, ta ba da takarda a kan kuɗi kaɗan. Ba iyawa ce ta gagara ba. Ba a sa shi gaba ba ne.

Masu haya kuma, ku matso. Kun san akwai doka taku? Tun 2018 majalisa ta yi dokar hayar gidan zama. Ta ce kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa kada ya wuce na wata uku. Ta ce hayar shekara kada ta wuce kashi 8 cikin 100 na darajar gidan. Doka mai kyau, mun yaba. Wa ya taɓa zuwa Zongo ya bayyana muku ita da Hausa ko Dendi? In mai gida ya ce sai wata shida, ko shekara, ina za ka kai ƙara ba tare da lauya ba, ba tare da ka rasa ɗakin ba? Kuma ba na zagin masu gidaje, yawancinsu a nan ba attajirai ba ne. Gwauruwa ce mai ɗaki uku da take ci da marayu da su. Tana neman kuɗin gaba ne saboda ita ma siminti ya fi ƙarfinta. A 2022, lokacin da gwamnati ta ƙayyade farashi, tan ɗaya na siminti sefa 75,000 ne a Kwatano, 82,000 a Parakou da Djougou, 90,000 a Malanville. Wato da hatimin hukuma, wanda ya fi nisa da teku, wanda kuma ya fi talauci, shi ya fi biya. Buhu ɗaya ne, nauyi ɗaya.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da aka toshe mana hanyar abinci. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 har Disamba 2020. Ba mu gama farfaɗowa ba, aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli 2023, aka sa takunkumi, aka datse gadar Malanville da Gaya. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma ɓangaren Nijar bai buɗe ba. Ku kuka fi kowa sanin abin da wannan ke nufi. Parakou garin lodi ne tun zamanin da jirgin ƙasa ke ajiye kaya a nan, manyan motoci su ɗauka zuwa Nijar. Mota ɗaya in ta tsaya, direba ya tsaya, yaran mota biyu sun tsaya, mai tuwo a tasha ta tsaya, bakanike ya tsaya. Dukansu 'yan haya ne. Mai gida kuwa bai san an rufe iyaka ba, wata yana mutuwa kamar kullum. Ga kuma 'yan'uwa da ke gudowa daga ƙauyukan Alibori da Atacora saboda 'yan bindiga. Ba sansani suke zuwa ba, gidajenku suke sauka, kuna matsa musu tabarma kamar yadda kakanninku suka yi. Aikin da ya kamata hukuma ta ɗauka, ku kuke ɗauke da shi, ba wanda ya ce muku sannu.

Za su ce kuɗi ya tafi tsaro. Sojojinmu 54 aka kashe a dajin W ranar 17 ga Afrilu 2025, Allah ya ji ƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ba za mu taɓa neman a rage ko dala ɗaya daga abin da zai kare ran soja ba. Amma ba a dakatar da otal ba saboda tsaro, ba a dakatar da adon bakin teku ba. Me ya sa sai an zo kan magudanar Zongo ake tuna babu kuɗi? Kuma saurayin da ya kai shekara 30 ba shi da ɗakin da zai sa mata, ba shi da aiki, ba shi da abin da zai yi asara, ku kun san irin mutanen da ke neman irinsa.

Za su kuma ce yawon buɗe ido zai kawo kuɗi, in ƙasa ta yi arziki kowa zai samu. Shekara da shekaru muna jin wannan. Da sannu, in ji su. Mai jiran gawon shanu ma yana da ranar da yake sa rai.

Ku yi wannan lissafi da ni. Kashi ɗaya cikin 100 na miliyar 12,011 shi ne miliyar 120. Miliyar ɗaya tak, a farashin 82,000, tana sayen siminti fiye da tan 12,000, buhu fiye da 240,000. Ku da kuka taɓa gini kun san buhu nawa ke ɗaure gindin katangar laka ta daina shan ruwa. Ku ninka da kanku. Ba ma neman benaye. Mutanen Zongo sun iya gini, su suka gina duk abin da kuke gani ba da taimakon kowa ba, bulo goma yau, kwano biyu bayan sallah, da kuɗin adashi. Abin da suke nema shi ne hukuma ta tsaya a bayansu maimakon a gabansu da jan fenti.

Ga abin da 'yan takararmu suka ɗauka za su kai majalisa, kuma ku ajiye takardar nan ku riƙe su da ita. Za su nemi a rubuta haƙƙin muhalli da sunansa a cikin doka, tare da sharaɗin cewa ba a rushe gidan da mutane ke kwana a ciki sai da sanarwa a rubuce, da hukuncin alƙali, da diyya ko wani wurin a hannu, kuma ba cikin damina ba. Za su nemi a yi wa tsofaffin unguwanni awo na bai ɗaya, a ba da takardun mallaka a kan kuɗin da talaka zai iya, a karɓi shaidar sarakunan unguwa da limamai da maƙwabta. A kasafin kowace shekara za su nemi a ware layi na magudanun ruwa da famfo da masai na cikin unguwa, a kuma buga shi gari-gari, domin mutumin Djougou ya san nawa aka rubuta da sunansa, ya bi sawu. Za su nemi rance ƙarami na gyaran gida wanda ƙungiyar adashi ko ta sana'a za ta tsaya wa mutum, ba takardar albashi ba. Dokar haya kuma a fassara ta, a karanta a rediyo da harsunanmu, a buɗe teburin sasanci a kowace gunduma inda ɗan haya da mai gida za su zauna kyauta.

Me ya haɗa wannan da ƙuri'arku? Kasafin kuɗin ƙasa gwamnati ke rubutawa, amma ba ya zama doka sai 'yan majalisa sun ɗaga hannu, kowane ƙarshen shekara. A 2019 an hana 'yan adawa shiga zaɓe, mutane suka zauna gida, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Shekara huɗu ana wuce da kasafi babu mai tambaya. A Janairu 2023 adawa ta koma da kujeru 28 cikin 109, aka fara jin wata murya. Sai a Maris 2024 aka gyara dokar zaɓe: jam'iyyar da ta tsaya da ƙafarta, ba ta ƙulla yarjejeniya da wata ba, sai ta samu kashi 20 cikin 100 a kowace ɗaya daga mazaɓu 24 kafin a ba ta ko kujera ɗaya. Ku fahimci wannan da kyau. Ko mun cinye Parakou gaba ɗaya, in mun gaza a wata mazaɓa guda, duka ya zube. Saboda haka ƙuri'arku a mazaɓa ta 8, ta Parakou da Tchaourou da N'Dali da Pèrèrè, da ta 13, ta Djougou, ba ta isa ita kaɗai ba. Kuna da 'yan'uwa a zangon Kwatano, a Porto-Novo, a Bohicon, a Kandi, a Malanville, a Natitingou. Babu mazaɓar da babu ɗan Zongo a cikinta, wannan gadon fatauci ne. Ku buga musu waya yau, kada ku bari sai gobe.

Akwai kuma masu raɗa cewa 'yan Zongo baƙi ne, siyasar ƙasa ba tasu ba ce, su yi kasuwancinsu su yi shiru. Kakanninku suna sauke goro a Djougou tun kafin Bafaranshe ya ja layin da ake kira iyaka. Wanda ke da takardar ɗan ƙasa, ƙuri'arsa daidai take da ta minista. Wanda kuma ba ɗan ƙasa ba ne, baƙonmu ne, muna girmama shi, amma kada ya kusanci akwati, kada a ba su hujjar soke mana rumfa.

 Tun yanzu kowa ya duba sunansa da rumfar da aka sa shi, don an sauya wa wasu wuri. Ku nemo katin shaidarku ku ajiye inda hannu zai kai. Samari masu babur, ku ɗauki tsofaffi da masu ciki da safe kafin rana ta yi zafi. Maza, ku bar matanku su fita. In an kawo muku shinkafa ko atamfa ko jika biyu a daren zaɓe, ku tambayi mai rabon ko ta isa hayar wata ɗaya. Bayan an rufe rumfa kada ku watse, doka ta ba ku damar tsayawa a ƙirga a gabanku, wakilinmu kuma ya karɓi takardar sakamako da sa hannu kafin ya bar wurin. Ba zagi, ba jifa, ba taɓa kayan kowa.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya buɗe mana hanyoyi.